Yaƙi da jahilci: salular da ke hannunka na iya zama allonka

A kasuwannin ƙasar nan, tun daga babbar kasuwar Maraɗi har kasuwar Dole ta Damagaram da Katako ta Yamai, rabin ciniki ya koma cikin salula. Mai albasa a Galmi yana jiran kuɗinsa daga Abijan ko Akara, mai aya a Maraɗi yana neman farashin yau, mai ƙosai tana zuba adashinta ta waya. Dillali ya turo farashi, direba ya turo lambar mota, kamfanin aika kuɗi ya turo shaidar biya, kuma yawancin waɗannan saƙonni a rubuce suke zuwa. Wanda bai iya karatu ba dole ya miƙa salularsa ga ɗan maƙwabci ko yaron shago ya duba masa, ya miƙa masa ke nan har da sirrin jarinsa.

Masu wannan matsala suna da yawa. Alƙaluman Bankin Duniya na shekarar 2022 sun nuna cewa kashi 38 cikin 100 ne kawai na ƴan Nijar masu shekara 15 zuwa sama suka iya karatu da rubutu, a wajen mata kuwa adadin bai kai ɗaya cikin uku ba. Shi ya sa masana ilimin manya suka daɗe suna tambaya: tun da salula ta riga ta shiga hannun mutane, intanet kuma yana biye da ita, me zai hana a mai da su kayan koyon karatu? Wani ɓangare na amsar a ƙauyukanmu aka samo shi, kuma ya kamata ƴan kasuwa maza da mata su san shi.

Ciwon ajin manya shi ne mantuwa

Yaƙi da jahilci ya daɗe a Nijar. Tun farkon shekarun 1960 gwamnati ta kafa ma'aikatar da ke kula da shi, aka riƙa buɗe azuzuwan manya da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. Galibi da rani ake karatun, bayan an gama girbi. Da ruwa ya sauka sai aji ya watse, kowa ya koma gona. Wanda ya koyi baƙaƙe a watan Maris sai ya kwashe watanni bai ga takarda ba, domin a ƙauye babu jarida, babu littafi, babu wasiƙa. Kafin wani rani ya zagayo, yawancin abin da ya koya ya zube.

Akwai dalilin da ya sa karatun babba ke saurin zubewa. Helen Abadzi, wata masaniya da ta yi shekaru tana nazarin ilimin manya a Bankin Duniya, ta bayyana cewa ƙwaƙwalwar mutum ba ta riƙe abin da ido ya karanta sai na ɗan lokaci kaɗan. Idan mutum yana haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya a hankali, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. A lissafinta, sai mutum yana karanta kalma 45 zuwa 60 a minti ɗaya kafin ya riƙa gane abin da yake karantawa. Wannan sauri kuwa ba ya samuwa sai da maimaici na kullum. Aji yana ba mutum baƙaƙe, amma in ya koma gida ba shi da abin karantawa, kamar wanda aka koya wa ɗinki ne aka hana shi keke.

Gwajin Doso da Damagaram

A shekarar 2009 ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services ta fara wani shirin ilimin manya a jihohin Doso da Damagaram. Wasu masu bincike, cikinsu har da Jenny Aker ta jami'ar Tufts da ke Amurka, suka haɗa kai da ita domin gwada wata dabara da aka sa wa suna ABC, wato koyon karatu ta hanyar salula. An yi nazarin a ƙauyuka 113. A kowane ƙauye ɗalibai 50 ne, maza 25 da mata 25, ana karatu kwana biyar a mako, awa uku a rana, wata huɗu a shekara har shekara biyu, da Hausa ko Zabarmanci ko Barbarci.

An raba ƙauyukan gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko suka yi karatu yadda aka saba, da allo da alli da littafi. Kashi na biyu suka yi wannan karatun, ba a ƙara musu lokaci ba, sai dai an koya musu aiki da ƙaramar salula: yadda ake kunna ta, yadda ake gane lambobi da baƙaƙen da ke jikinta, yadda ake kira, da yadda ake rubuta gajeren saƙo da karanta shi. Kowane rukuni na mutum biyar aka ba shi salula guda su yi tarayya.

Da aka yi jarrabawa, ɗaliban ƙauyukan salula suka fi sauran samun maki a rubutu da lissafi. Aka bar su wata bakwai babu aji, aka sake gwada su, sai aka tarar fifikonsu a lissafi yana nan. An buga sakamakon a shekarar 2012 a wata mujallar masana tattalin arziki ta Amurka, kuma har yau ana kafa hujja da shi a ƙasashen duniya.

Abin lura shi ne, babu wani darasi a cikin waɗannan saluloli. Salula ce irin ta kowa, mai madannai. Abin da ta yi shi ne ta ba ɗalibi dalilin karatu a wajen aji. A lokacin gajeren saƙo ya fi kira arha, saboda haka wanda ya iya rubutu yana iya gaida ɗan'uwansa da ke ci rani, ko ya tambayi farashin tiyar hatsi a wata kasuwa, da kuɗi kaɗan. Ƴan kasuwa sun san darajar wannan tun kafin nan. Wani bincike na Aker ɗin ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006, shigowar salula ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda dillalai sun daina tafiya a makance.

Malami bai zama tsohon yayi ba

Kada wani ya ɗauka cewa salula ta kori malami. A shekarar 2014 an sake wani gwaji a azuzuwan manya na jihohin Maraɗi da Damagaram. A wasu ƙauyuka, kowane mako ana kiran malami a waya, a kira mai gari, a kira ɗalibai biyu, a tambaye su ko an yi karatu, kwana nawa aka yi, mutum nawa suka zo. Ba a ƙara wa malamin ko dala ba. Duk da haka ɗaliban waɗannan ƙauyuka sun fi sauran ci gaba a karatu da lissafi. Malamin da ya san ana tambayar aikinsa ya fi zuwa aji, ya fi dagewa.

An kuma gwada karatu ba malami, amma a nesa da nan. A birnin Los Anjalis na Amurka, an ba wasu baƙin haure masu jin Sifaniyanci wani shiri mai suna Cell-Ed, inda ɗalibi zai kira wata lamba ya saurari darasi, saƙo ya shigo masa da baƙin da ake magana a kai, shi kuma ya rubuta amsa. Cikin wata huɗu karatunsu ya ƙaru sosai. To amma mutum 70 ne kawai suka shiga gwajin, kuma a garin da wuta ba ta ɗaukewa, layi ba ya yankewa. A yanayi irin namu, abin da aka tabbatar da amfaninsa shi ne haɗa biyun: malami ya ɗora harsashi, salula ta hana ginin rushewa.

Abin da ke cikin intanet a yau

Daga 2009 zuwa yau abubuwa sun sake. Babbar salula mai shafawa ta shigo kasuwa, kuma da ita ana isa ga kayan karatu da a da sai a babban birni ake ganinsu.

Na farko shi ne madannan rubutun Hausa. Manhajar Gboard ta kamfanin Google, wadda ake samu a yawancin saluloli masu Android, tana da Hausa a jerin harsunanta. In an zaɓe ta, ana samun baƙaƙe masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyo, domin lanƙwasa ɗaya ce ta raba kaya da ƙaya, ta raba baki da baƙi.

Na biyu littattafai ne na kyauta. Shafin African Storybook, wanda wata ƙungiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ke gudanarwa, yana ɗauke da ƙananan littattafai masu hotuna cikin harsunan Afirka masu yawa, har da Hausa. Haka ma Global Digital Library da aka buɗe a 2018. An jera littattafan daki-daki, daga mai kalma kaɗan a shafi zuwa mai dogon labari, kuma ana iya sauke su a ajiye cikin salula a karanta ba tare da intanet ba. Gaskiya ne don yara aka rubuta yawancinsu, kuma wani dattijo zai ji nauyin a gan shi da labarin kaza da shaho. Amma uwa ko kaka da ta zauna da jikanta suna bin shafi tare, ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Wanda ƙafarsa ta yi ƙwari sai ya wuce zuwa Wikipedia ta Hausa da shafukan labarai na Hausa.

Na uku fassara ce. Tun watan Disamba na 2013 Google Translate ta saka Hausa cikin harsunanta. Mai koyo na iya kwafo saƙon da ya zo masa da Faransanci ya ga ma'anarsa da Hausa. Sai dai a yi hattara: na'ura tana kuskure, Hausarta kuma ta fi karkata ga ta Kano. Tana taimakawa wajen gane inda saƙo ya dosa, amma takardar yarjejeniya ko ta bashi ba a sa mata hannu bisa fassarar na'ura.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne sauƙi, shi ne WhatsApp. Malami na iya tara ɗalibansa a zaure guda, kowace safiya ya ɗauki hoton kalma ɗaya da ya rubuta a allo, ya haɗa da muryarsa yana furta ta. Ɗaliba tana zaune a bakin tirenta ta saurara sau goma in ta so, ta rubuta a takarda, ta ɗauki hoto ta mayar masa ya gyara. Ba ta rufe rumfa ba, ba ta biya kuɗin kabu-kabu ba, ba wanda ya yi mata dariya in ta yi kuskure.

Tarkon saƙon murya

A nan kuma akwai wani tarko. A shekarar 2013 WhatsApp ya fito da saƙon murya, kuma babu abin da ya karɓu a kasuwanninmu kamarsa. Danna ka yi magana, shi ke nan. Ya sauƙaƙa wa miliyoyin mutane harka, amma ya ɗauke dalilin da ya sa ɗaliban Doso da Damagaram suka dage da rubutu. Wanda ke iya aika murya zuwa Kano ko Agadas ko Tarabulus sai ya ce, me zan yi da boko kuma?

Amsar tana cikin aljihunsa. Saƙon Airtel Money ko Moov Money ba da murya yake zuwa ba. Takardar da ake bayarwa a Nita ko Al Izza ko Amana a rubuce take. Ranar lalacewar kaya a jikin gwangwanin madara ko kwalin magani a rubuce take. Kuma ɓarayin zamani sun gane inda rauni yake. Sukan turo saƙon ƙarya mai kama da na shigar kuɗi, sa'an nan su kira su ce sun yi kuskuren lamba, a taimaka a mayar musu. Wanda ya iya duba sunan mai aikowa, ya kuma duba abin da ya rage a asusunsa, cikin minti ɗaya zai gane babu abin da ya shigo. Wanda bai iya ba sai ya aika musu da guminsa. Haka nan bashi: maganar baka ta wata uku, in gardama ta tashi, kowa da abin da ya tuna. Layi ɗaya a littafi, da suna da rana da adadi, ya kashe maganar.

Dala a baki, sefa a waya

Duk mai son koya wa ɗan kasuwar Nijar lissafi a rubuce dole ya fara da wani abu da manhajojin waje ba su san da shi ba. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, salula kuwa da tamma take rubutawa. Dala ɗaya tamma 5 ce. In mai tumatir ta ce dala ashirin, waya za ta rubuta 100. Dala ɗari ita ce 500, dala ɗari da hamsin 750, jika ɗaya 1000. Matar da ke iya lissafin ribar buhu uku a ka, ba tare da ta ɓata ko dala ba, tana iya rikicewa in ta ga 2500 a fuskar waya, alhali jika biyu da rabi ce da take juyawa kullum. Sifiri ɗaya kuma in ya ƙaru, 2500 ta zama 25000, jika ashirin da biyar ke nan. Kuskuren sifiri wajen aika kuɗi na iya cinye jarin mako guda.

Saboda haka lissafi ba baƙo ba ne a wurin ƴan kasuwa, rubuta shi ne baƙo. Malamin kirki zai ɗauko takardun kuɗi da sulalla ya aza su a tabarma, ya nuna lambar da ke jikin kowanne, sa'an nan ya buɗe na'urar lissafi ta salula ya nuna yadda ake ninka dala sau biyar a sami abin da waya ke nunawa. Masu fatauci ta Ɗan Isa ko Ƙonni ko Magarya suna da ƙarin aiki, domin naira ba a ƙirga ta da dala, kuma canjinta yana motsi kullum.

Akwai kuma waɗanda ake sakawa a layin marasa karatu alhali sun yi makarantar allo, suna rubuta bashinsu da ajami. Irin waɗannan sun riga sun san cewa alama tana tsayawa a madadin sauti, wanda shi ne mataki mafi wuya. Salula tana da madannan Larabci da za su iya ajiye sunayen abokan ciniki da su tun yau, kuma malamin da ya jera musu baƙaƙen boko kusa da na ajami zai ga sun yi sauri.

Cikas da ke kan hanya

Ba a ɓoye wahalhalun. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a ƙasar nan, a ƙauye kuwa sai an biya mai caji. Kuɗin intanet yana ci, bidiyo ya fi komai ci, kuma akwai wuraren da sai an hau tudu ake samun layi. Mata da yawa ba su da salula tasu, ta maigida ce ko ta ɗa, ba kullum take gida ba. Yawancin saluloli da Faransanci ko Turanci suke magana, saƙonnin kamfanoni ma haka. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa suna da hujja ke nan ta neman kamfanonin waya da na aika kuɗi su riƙa turo saƙonninsu da harsunan da abokan cinikinsu ke ji.

Daga ina za a fara?

Ba sai an jira wani shiri daga waje ba. Matan ƙasar nan sun riga sun nuna abin da haɗin kai ke yi. A jihar Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusu na Mata Masu Dubara a shekarar 1991, wanda daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya. Da farko da ka matan ke riƙe lissafin zubi da bashi, saboda masu rubutu sun yi ƙaranci a cikinsu. Ƙungiyar da ke haɗuwa kowane mako tana da duk abin da aji ke bukata: mutane, wuri, rana, da asusun da zai iya sayen babbar salula guda da biyan ɗan alawus na malami ko malama. Ƴan kasuwar layi ɗaya, masu hatsi ko masu atamfa ko mahauta, su ma haka.

Darasi ya fara da abin da ake bukata gobe da safe. Mutum ya koyi rubuta sunansa, ya gane lambobi daga 0 zuwa 9, ya iya karanta lambar wayarsa. Daga nan ya ajiye sunayen abokan cinikinsa goma a salula da hannunsa, ya daina gane su da hoto ko da lambobin ƙarshe. Sai sunayen kayan da yake sayarwa, sai littafin bashi, sai karanta saƙon shigar kuɗi: wa ya aiko, nawa ne, nawa ya rage. Lambar sirri kuwa ya haddace ta, ya danna da kansa, kada ya faɗa wa kowa ko da wanda ya kira ya ce daga kamfani yake.

A sauke littattafai sau ɗaya a wurin da layi ke da ƙarfi, a raba wa juna daga waya zuwa waya, domin a rage cin kuɗi. Shugabar ƙungiya ta riƙa tambaya kowane mako ko an yi karatu, tun da an ga abin da tambaya ke yi wa aji. Da damina in aji ya tsaya, kada zauren WhatsApp ya tsaya, ko kalma ɗaya ce a rana. Wanda ba shi da babbar salula, ƙaramar ta isa, da irinta aka yi gwajin 2009. Kowane ɗalibi kuma ya ɗaukar wa kansa doka guda: kullum, kafin ya aika saƙon murya na farko, ya rubuta saƙo ɗaya da yatsansa, ko da gaisuwa ce, ko farashin tiya.

Mai karatu, in kana da maƙwabci a rumfa ko uwa a gida da kullum kai ke duba mata saƙo, karanta mata wannan shafi, gobe kuma in saƙo ya shigo ku duba shi tare, ka nuna mata inda adadin kuɗin yake. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. Minti goma sha biyar tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kasuwa ke lafawa, ya isa a fara. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a nema.